Ƙarfen da ke Hannun Mai Faci

An yi wani mutum a nan yankinmu, tsakanin Bebeji da Doguwa. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi garinsu ba, domin yana nan da ransa, kunyar da yake ciki ma ta ishe shi.

Ya 'yan uwa, mutumin nan ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne, jam'i ba ya wuce shi. Abin da ya mallaka waya ce, da shafi a Fesbuk wanda dubban mutane ke bi. In mota ta faɗi a hanya, wurinsa ake fara ji. Har wani gidan rediyo a birni kan kira shi ya ba da rahoto. Jama'a sun yarda da shi, in ya ce an yi, to an yi. Ciwonsa ɗaya ne: yana son manya su san da zamansa. Ranar da wani babba ya kira sunansa a bainar jama'a, ko bai ci abinci ba ya ƙoshi.

Wata shekara tsadar rayuwa ta kai wa mutane iya wuya. Matasan garin suka fito da hantsi suka tare titi. Jami'an tsaro suka zo, aka yi ta cacar baki, can sai aka harba barkonon tsohuwa. Mutumin namu yana tsakiya yana ɗaukar bidiyo. Hayaƙi ya rufe masa ido, ya faɗi, masu gudu suna tattaka shi.

A bakin titin akwai rumfar wani mai faci, Mainasara. Shi ba ya cikin masu zanga-zanga, taya yake ɓanɓarewa. Da ya ga mutum a ƙasa sai ya ruga da ƙarfen aikinsa a hannu, ya jawo shi cikin rumfa. Ya ɗebi ruwa a bahon da yake tsoma tib don neman huji, ya wanke masa fuska, yana cewa, "Sannu malam, kada ka murza, zafin zai ƙaru." Ya juya ya hango wata tsohuwa mai tallan gyaɗa ta durƙushe, ya sake fita. Bai kai gare ta ba harsashi ya same shi, nan take ya cika. Mutumin namu ya riga ya buɗe ido ya ɗaga waya, komai a gabansa aka yi.

Bayan la'asar wani babba ya kira shi, da sunansa kuwa. Ya ce, "A taimaka a kwantar da hankalin jama'a. Ai ka san abin da ya dace."

Sai ya zauna ya duba bidiyon nan. Ya yanke gaba, ya yanke baya, ya tsamo hoto guda: Mainasara yana gudu, ƙarfe a ɗage a hannunsa. Ya rubuta a ƙasa cewa ɓata-gari ɗauke da makamai sun far wa jami'an tsaro. Da rediyo suka kira, ya maimaita musu hakan da muryarsa.

To ina tambayarku, hoton ƙarya ne? A'a. Ƙarfe yana hannun Mainasara. Amma wanda ya nuna maka rabin abu ya ɓoye rabi, don ka fahimci akasin abin da ya faru, me ya yi in ba shaidar zur ba?

Hoto ya bazu har garuruwan da ba su taɓa jin sunan mamacin ba. Waɗanda suka san shi ma suka fara cewa, ashe haka yake. Jana'izarsa sahu biyu ba su cika ba, kowa na tsoron a ce da shi. Mahaifiyarsa, Lubabatu, ta je neman a bi mata kadin ɗanta, aka nuna mata hoton aka ce ta koma gida. 'Ya'yansa a makaranta aka riƙa kiransu 'ya'yan ɗan daba. Shi kuwa mutumin namu ya samu abin da yake so, ana ba shi kujera a taro. Sai dai kullum in zai wuce rumfar facin nan, sai ya sunkuyar da kai ya canza hanya.

Bayan wata biyu wani direban babbar mota, Bature, ya taso daga Doguwa da lodin masara, taya ta yi masa faci a garin. Ya tambayi Mainasara. Aka ce ai ya mutu, ashe ɗan daba ne. Direba ya ce, "Wallahi ƙarya ne! Ranar ina nan, titi a tare, ina saman mota." Ya ciro wayarsa. Ga mutumin namu a ƙasa, ga mai faci yana jan sa, ga ruwan baho a fuskarsa, ga tsohuwa, ga harbi. Kafin magariba babu wayar da bidiyon bai shiga ba.

Ba wanda ya taɓa lafiyar mutumin namu. Da ma dukansa aka yi, da ya fi masa sauƙi. Babban nan ya daina ɗaga wayarsa, gidan rediyo suka ce shi ya kawo musu, su ba ruwansu. In ya zauna a majalisa sai hira ta mutu. Ranar ɗaurin auren 'yar ƙaninsa, da aka ce, "Kun shaida?" ya buɗe baki zai amsa tare da jama'a, wani dattijo ya juyo ya ce, "Kai dai yi shiru, kada ka ɓata wa yarinya aure." Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ya goge hoton, ya rubuta cewa ya yi kuskure. Wa ya karanta? Dubban da suka yaɗa na farko sun wuce wani labarin. A ƙarshe ya tattara sauran ƙarfin halinsa ya je gidan Lubabatu, ya durƙusa a zaure yana kuka, ya ce, "Inna, ki yafe mini." Lubabatu ta dube shi. Ta ce, "Nawa na yafe. Amma ba ni na wanke maka ido ba. Wanda ya wanke maka yana maƙabarta, je ka roƙe shi."

Ina zai same shi, ya 'yan uwa? Sai a gaban Allah.

Kada wani ya ce wannan na masu shafi ne kawai. Kai da ka ga hoto ka tura wa mutum goma ba ka tambayi abin da ya faru kafinsa da bayansa ba, kana da kaso. Ni kaina na tura, kuma ina jin kunya. Yau a kan mai faci aka yanke, gobe a kan jami'in da bai yi laifi ba za a yanke, zunubin ɗaya ne. Haƙƙin rayayye kana iya zuwa ka durƙusa masa, na mamaci kuwa yana jiranka.

Allah ya jiƙan waɗanda aka zalunta. Allah ya kiyaye mu da shaidar zur, ta baki da ta yatsa, kada ya tashe mu da haƙƙin wanda ba za mu iya roƙa ba. Amin.