Kujerar Makka Ɗaya, Malamai Uku

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan. Yau shari'a na kawo muku, kuma ba wanda zai tashi sai ya faɗi hukuncinsa.

A ƙaramar hukumar Dutsen Maje akwai kwamitin ilimi mai kula da makarantun firamare. Shi ke yi wa malamai canjin wurin aiki, shi ke karrama wanda ya yi fice a ƙarshen shekara. Cikin masu zama a kwamitin akwai wani tsohon malami da ya yi ritaya, Malam Mamuda Ɗan'iya, wakilin dattawa. An sa shi ne don ya riƙa yin addu'ar buɗe taro da ta rufewa, ba a san an jawo wa kai aiki ba. Mutum ne da ko mai sanarwa a masallaci ya yi tuntuɓen harshe sai ya tare shi a ƙofa ya gyara masa. Rabin 'yan kwamitin sun sha bulalarsa suna yara, har Sakataren Ilimi kansa, Alhaji Sidi, a hannunsa ya koyi riƙe fensir.

A wannan shekarar wata yarinya mai suna Lantana, 'yar aji shida a firamaren ƙauyen Rafin Ɗinya, ta zo ta ɗaya a gasar lissafi ta jiha baki ɗaya. Makarantar da iska ta yaye rufinta tun bara ita ta kayar da makarantun kuɗi na birni. Wani attajiri ɗan yankin ya ji daɗi, ya ba kwamiti kujerar Makka guda, ya ce a ba malamin da ya yi wa yarinyar aiki. Ya gindaya sharaɗi: ba a sayarwa, ba a rabawa, mutum ɗaya zai tafi.

Kwamiti ya zauna ranar da ciwon ƙafa ya kwantar da Malam Mamuda. Aka ci rabin yini ana gardamar wanda zai kawo rumfa, da wanda zai zauna kusa da shugaban ƙaramar hukuma, da ko lemon kwalba za a raba ko zoɓo. Da aka zo kan maganar malamin kuwa, ba a kai tsawon shan ruwa ba aka gama. Al'adar kwamitin tun da can ita ce, duk wanda ke riƙe da aji ranar da ake rabon kyauta, shi ne mai ɗalibi. Sakatare ya tambayi wa ke riƙe da aji shida a Rafin Ɗinya, aka ce Malam Nafi'u. Aka ce an amince, aka koma kan zoɓo.

Ranar biki aka kira Malam Nafi'u, saurayi cikin sabuwar shadda, aka ce ya fito da ɗalibarsa a gan ta. Ya juya ya dubi layin 'yan matan da ke zaune, ya dubi sama, ya ce, "Ladidi, taso." Ba wadda ta motsa.

Malam Mamuda ya dogara sanda ya miƙe.

"Sidi, tsayar da wannan abin kunyar."

"Baba Malam, a bari a tashi daga taro, ga baƙi."

"Baƙin nake so su ji. Kai Nafi'u, yaushe ka zo Rafin Ɗinya?"

"Wallahi Baba, bayan an dawo daga gasar aka kawo ni. Ni ma kirana aka yi aka ce in ɗinka kaya."

Rumfa ta ɗauki dariya, Sakatare ya shiga goge zufa da gefen hula. Ba shiri aka ɗage bayar da kujerar. Malam Nafi'u dai ya ce shi ba ya cin haƙƙin kowa, amma in an rasa mai ita, ba zai ƙi ɗakin Allah ba.

Malam Mamuda bai yarda da ji-ta-ji-ta ba. Da ƙafarsa mai ciwo ya hau bayan babur ya tafi Rafin Ɗinya, ya zauna da iyaye da malamai. Abin da ya tarar ya ƙara masa takaici. Malamai uku ne suka yi wa Lantana aiki, kuma duk ukun kwamitin nan da kansa ya yi musu canji ya watsa su.

Ta farko Malama Uwani ce. Sa'ad da Lantana ta zo ajinta, kowa ya gama yanke cewa daƙiƙiya ce. Ta maimaita aji, an tura ta kujerar baya inda ake ajiye waɗanda aka fid da rai da su. Malama Uwani ta lura cewa in ta yi tambaya da baki, yarinyar kan riga kowa amsawa, amma in aka ce a kwafa daga allo sai ta cika takarda da shirme. Wata rana ta rubuta baƙi a allo, ta tsayar da ita a gaba, ta ce ta riƙa ja da baya. Ba ta yi nisa ba ta ce ba ta ganin komai sai fari-fari. Malama ta kai ta asibitin ido a birni aka yanka mata gilashi. Da yara suka taso ta da tsokanar "ido huɗu" har ta fara ɓoye shi a jaka, sai Malama ta sayo wani gilashin da ba magani a cikinsa, ta riƙa sawa kullum a aji, ta ce duk mai son faɗin ido huɗu ya fara da ita. Ba don ita ba, da har yau Lantana tana kujerar baya.

Na biyu Malam Ilu ne, malamin addini, wanda ko lissafin cefane matarsa ke yi masa. Uban Lantana masunci ne. In rafi ya ƙafe da rani yakan kwashe iyalinsa su tafi bakin wani dam mai nisa, yara su yi ta gyaran kifi da juya shi a kan banda har damina ta sauka. Haka makarantar ke rasa 'ya'yan masunta kowace shekara, kuma ba sa dawowa da karatu. Malam Ilu ya yi ta sintiri gidan har uban ya gaji, ya ce masa, "Malam, wa'azinka na ji. Amma wa zai juya mini kifi?" Malam Ilu ya ce shi. Ya ɗauki Lantana ya haɗa ta da 'ya'yansa a gidansa, ci da sha, kuma duk hutun makaranta sai ya tafi bakin dam ya zauna cikin hayaƙi ya biya aikin da za ta yi. Ya dawo yana ƙarni, abokan aiki suna ce masa Sarkin Banda. Rani bayan rani yana haka. Ba don shi ba, da gilashin da Malama Uwani ta yanko mata a hayaƙin kifi ya ƙare.

Na uku Malam Barau ne, malamin lissafi, mai zafin rai da kaifin baki. Shi ya gane cewa abin da ke kan yarinyar ya wuce na aji shida. Ya riƙa tsayar da ita bayan an tashi, gindin tsamiya, yana ba ta tambayoyin 'yan sakandare, ba Asabar ba Lahadi. Da lokacin gasa ya zo, ofishin ilimi ya zaɓi makarantun cikin gari kawai, aka ce ba a kai ƙauye wurin da za a ji kunya. Malam Barau ya je ofis ya tayar da ƙura, ya faɗa wa manya maganar da ba a faɗa musu, har aka gaji aka sa sunanta don a rabu da shi. Shi ya goya ta a babur cikin ruwan sama ya kai ta wurin gasar. Ladansa shi ne, kafin sakamako ya fito an jefa shi makarantar da ta fi kowace nisa, don ya koyi ladabi. Ba don shi ba, da ba wanda ya ji sunan Lantana a wajen Rafin Ɗinya.

Malam Mamuda ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana fatan biyu za su ce sun yafe. Malama Uwani ta ce, "Malam, ba zan yi maka ƙarya ba, ina so. Ritaya ta ƙarato, in ba wannan ba ban ga ta inda zan je ba." Malam Ilu ya ce bai yi don kujera ba, amma shekara da shekaru yana koya wa yara yadda ake ɗawafi a kan allo, zai so ya gani da idonsa. Malam Barau kuwa ko zama bai yi ba ya ce, "Baba, gasar lissafi aka ci ko gasar bandar kifi?"

Da kwamiti ya sake zama, Malam Mamuda ya zayyana musu komai, bai rage ba, ya rufe da cewa kwamitin da bai san wa ya koyar da ɗalibarsa ba bai cancanci ko zoɓon da yake sha ba.

Sakatare ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Baba Malam, mun yi kuskure, mun karɓa. To faɗi sunan mutum ɗaya."

"Ku koma wurin Alhajin da ya ba da kujerar ku roƙi kujeru uku."

"Mun je. Ya ce ɗaya ya yi niyya. Kuma ana gab da rufe rajistar maniyyata. In yau ba a fitar da suna ba, hukuncinmu na farko yana nan, Nafi'u zai tafi."

Wakiliyar mata ta ce Malama Uwani za a ba, don wanda ya tono rijiya ya fi mai guga. Wakilin hakimi ya ce ina amfanin rijiya in an tashi daga garin, Malam Ilu ne ya riƙe yarinyar, kuma da jikinsa ya biya. Shugaban ƙungiyar malamai ya ce Alhajin ba don ido ko riƙo ya ba da kujera ba, don nasara ya bayar, kuma cikin ukun Barau kaɗai aka hukunta saboda yarinyar. Wani ya ce a jefa ƙuri'a a huta.

"Ban taɓa ba ɗalibi maki da ƙuri'a ba," in ji Malam Mamuda, "ba kuma zan fara a kan malamai ba."

Wani ya ce to a kira Lantana ta zaɓa.

"Ku da gemunku kun kasa, sai ku ɗora wa yarinya ta ɓata da biyu daga cikin waɗanda suka raine ta?"

Sakatare ya jingina da kujera ya harɗe hannu. "To Baba Malam, kai ka tayar da maganar, kai ka je ka gani. Duk sunan da ka faɗa shi za mu aika. Muna sauraronka."

Malam Mamuda ya san in ya yi shiru, wanda bai san sunan yarinyar ba zai hau jirgi. In kuma ya buɗe baki, da harshensa zai hana mutum biyu abin da ya tabbata sun cancanta. Ya gyara riƙon sandarsa, ya yi gyaran murya, ya sake yin wani.

To, ku da kuke zaune, ku taimaki dattijon nan kafin a tashi daga taro. Wadda ta buɗe mata ido, ko wanda ya sha hayaƙi don ta zauna a aji, ko wanda ya kai ta inda aka san ta: sunan wa zai faɗa?