Birkin Tsere a Hanyar Gidan Umma

Akwai wani mutum a yankinmu na Jeongseon mai suna Tak Gil-jae. Dillalin filaye ne, shekarunsa hamsin da biyu, kuma irin mutanen nan ne da in kuna hira ba ya bari ka dasa aya. Tare muka taso da shi, don haka abin da zan ba ku ba jita-jita ba ne.

Mahaifiyarsa ita kaɗai take zaune a wani gida can saman tudu, inda ta shafe shekara hamsin da biyar tana noman kabeji. Shekarunta tamanin da ɗaya. Duk ƙauyen Umma muke ce mata, har mu da ba ita ta haife mu ba.

Hanyar gidan 'yar siririya ce ta siminti. Tun daga bakin ƙofa gangare ne har kwalta, da lanƙwasa uku masu kaifi a tsakani.

Yayar Gil-jae, Ok-bun, a Seoul take aure. Shekara uku ta yi tana matsa lamba a kai Umma gidan kula da tsofaffi. Amsar Umma ba ta taɓa canzawa ba.

"Ranar da za ku fitar da ni daga gidan nan, ku taho da akwatin gawata."

Daga ƙarshe aka yi yarjejeniya. Muddin Umma tana tafiya da ƙafarta, kuma Gil-jae yana sauko da ita asibiti duk bayan mako biyu, to ba mai taɓa ta. Ranar da ɗaya daga cikin biyun nan ya kasa, maganar Ok-bun za a bi.

A nan dole in yaba wa Gil-jae. Saboda wannan alƙawarin ya sayi ƙatuwar jif baƙa, kuma bai taɓa fashin zuwa ba. Yana son uwarsa, ba na musun wannan. Abin da ya fi so dai shi ne a gan shi.

Wata rana suna saukowa ya ji ƙaurin birki, ya kuma ji ƙafarsa tana nutsewa fiye da kullum. Mota ce mai nauyi, hanya kuma ba ta da tausayi. Ya ce sai ya canza birki zuwa wanda ya fi kamawa, kuma ya yi gaskiya.

Matsalar ita ce wurin da ya je neman shawara. Yana cikin wata ƙungiya ta masu irin motarsa, waɗanda ke haɗuwa ranar Lahadi su yi ta leƙen tayoyin juna. A can ya ga wani da jan birki yana sheƙi ta cikin taya, faifan birkin duk an huda shi. Aka ce masa irin na motocin tsere ne. Shi ke nan, Gil-jae ya kamu.

A gindin tudun akwai garejin Pyo Man-seok, bakanike ne da ya yi shekara ashirin da takwas yana gyaran motocin da ke hawa da sauka a duwatsun nan. A sakandare Gil-jae yana gabansa da aji ɗaya. A wurinmu kuwa wanda ya ba ka aji ɗaya yayanka ne har kabari. Kai za ka zuba masa barasar soju da hannu biyu, kai za ka kau da kai in za ka kurɓa naka.

Gil-jae ya iso garejin da kwalaye huɗu da abokai biyu daga ƙungiyar. Man-seok ya buɗe kwali, ya ɗauko takalmin birki guda, wato abin da ke matse faifan in an taka. Ya juya shi gaba da baya.

"Yaya, wannan na filin tsere ne."

"To da na keken ɗinki zan sayo?"

"Ba haka nake nufi ba. Irin wannan sai ya yi zafi yake kamawa. In ya yi zafi, ba na biyunsa. Amma da sanyin safiya, takun farko da na biyu santsi kawai yake yi. Kai kuma daga ƙofar Umma gangare kake farawa."

Ya je ya ɗauko wani faifai mai kauri, ba rami ba fenti, da takalmin da ake sa wa motocin ɗaukar kaya.

"Wannan zan sa maka, in canza man birki, ka riƙa saukowa a ƙaramar giya. Ba shi da kyan gani, amma ko ƙanƙara ta sauka zai riƙe."

Gil-jae ya juya ga abokansa.

"Kun ji farfesa ko? Mutumin da sai da malamai suka gaji da ganinsa suka ba shi takarda. Man-seok, mu dubu huɗu ne a ƙungiya. Duk ba wanda ya sani sai kai?"

"Yaya, su a Seoul suke. Motocinsu a ƙarƙashin bene suke kwana, ba sa sanin sanyi."

Abokan suka yi 'yar dariya, kuma dariyar nan ce ta ɓata komai. Fuskar Gil-jae ta canza.

"Za ka ɗaura, ko in kai birnin Wonju a ɗaura min? Ko kuwa yanzu kai ka girme ni ban sani ba?"

Wannan tambaya ba ta da amsa a wurinmu. Man-seok ya sunkuyar da kai, ya ɗauko jak.

Aiki kam ya yi shi tsaf, don bai iya ha'inci ba. Da ya zo miƙa makulli da hannu biyu sai ya ƙara gwadawa.

"Yaya, sabon faifai da sabon takalmi sai sun saba da juna. Ka yi kamar kilomita ɗari uku a hankali kafin ka loda kaya. Kuma da safe ka ɗan tattaka birkin a filin ƙofar gida kafin ka kama gangare."

Gil-jae yana tsugune yana ɗaukar taya hoto. Ya ce, "Na ji, matsa kana tare min haske."

Ni ma na ga tayoyin nan daga baya. Sun yi kyau, kyan ɗan maciji.

Bayan kwana uku aka yi haɗin kimchi na shekara a gidan Umma, wato kabejin da ake tsumawa da barkono a adana, kamar yadda ake yi duk ƙarshen Nuwamba. Kabeji ɗari biyu aka jiƙa da gishiri. Matan ƙauye suka cika tsakar gida, kowace da jan safar roba har gwiwar hannu, ana shafa barkono ana gulmar surukai.

Man-seok ma ya hau, don shi ke ɗaukar musu manyan bahuna. Motar tana tsaye a ƙofa. Ya dube ta, ya dubi Umma, ya matsa kusa da ita.

"Umma, gobe ne asibiti?"

"Gobe da sassafe. Daga can mu wuce mu aika wa Ok-bun nata. Me ya faru?"

Ya waiwaya. Gil-jae yana tsaye bai fi taku biyar ba, yana nuna wa wani maƙwabci jan birkin.

"Ba komai, Umma."

"To buɗe baki." Ta naɗe dafaffen nama a ganyen kimchi ta tura masa. Ya tauna, ya haɗiye har da maganar.

Washegari ƙarfe bakwai raɓa ta daskare a kan komai, har da motar da ta kwana a ƙofa. Gil-jae ya kwantar da kujerun baya, ya jera robobin kimchi goma sha huɗu har suna taɓa rufi. Motar ba ta yi ko kilomita arba'in da sabon birkin ba.

Umma ta zauna a gaba, rungume da wata tukunyar kimchi da ta ware wa likitanta. Bel yana takura wa tukunyar, sai ta zare shi.

"Ba dai nan da nan ba ne? Mu je, kada mu tarar da layi."

Bai tattaka komai ba. Ya tayar da mota ya kama gangare.

A kwanar farko ya taka. Aka ji ƙugi, motar ta rage kaɗan ta ci gaba da tafiya. Da ƙyar ya sha kwanar. Ya sake takawa da dukan ƙarfinsa, nauyin kaya yana tura su daga baya.

A kwana ta biyu sai ga wani dattijo yana hawowa a kan ƙaramar tarakta. Hanyar ba ta ɗaukar biyu. Gil-jae ya murɗa sitiyari ya daki katangar dutse.

Gudun bai kai a kira shi gudu ba. Shi ko ƙwarzane bai yi ba. Amma robobin nan suka yo gaba suka daki bayan kujerar Umma, ta zame ta matse a ƙasa. Waɗanda suka fara zuwa sun ga hanya ta yi ja, suka zaci jini ne, ashe ruwan barkono ne. Ƙashin ƙugunta ne ya karye.

An yi mata aiki a Wonju. Ƙugun mai shekara tamanin da ɗaya ba ya jin lallashi. Ta yi mako shida a kwance, ciwon huhu ya biyo baya, kuma da aka zo koya mata tafiya ƙafar ta ƙi ɗaukarta.

Ok-bun ta zo daga Seoul. Ba ta zagi ƙaninta ba, ko murya ba ta ɗaga ba. Takardun gidan kula da tsofaffi kawai ta ciro daga jaka ta ajiye masa da biro.

Kuna tsammani Gil-jae ya yi laushi? Duk inda ya zauna cewa yake bakanike ne bai ɗaura daidai ba. Ma'aikacin inshora ya zo ya duba ya ce ɗauri lafiya lau yake, kayan ne ba su dace da hanya ba. Wannan ɓangaren Gil-jae ba ya ba da labarinsa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne jan birkin nan. Ya sa an ciro shi daga motar, ya saka a shafin ƙungiyarsu ya rubuta "kusan sabo". A rana ɗaya aka saye. Har yau ina tunanin uwar wa ke zaune a gaban waccan motar.

A watan Fabrairu Man-seok ya yi ta maza ya je gaida Umma a gidan kula da tsofaffin. Ɗaki ne mai gado shida. An rage mata gashi gajere kamar na sauran, don ya fi sauƙin wankewa. Ya tarar da Gil-jae a zaune yana latsa waya.

Man-seok ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye 'ya'yan itacen da ya kawo. Umma ta dube shi.

"Man-seok, matarka ta ce min kai ka san birkin nan ba ya kamawa da sanyi."

"Na sani, Umma. Na gaya wa Yaya. Sau biyu na gaya masa."

Gil-jae ya ɗago. "Umma, ai maganar..."

"Kai yi min shiru. Shekara hamsin kana magana, yau ka huta."

Ta koma kan Man-seok.

"Shi ka gaya wa. Ni da zan hau motar fa? Ka tsaya a gabana, na sa maka nama a baki da hannuna."

"Umma, yana tsaye a wurin. Ba na so in ci masa fuska a gaban mutane."

"Shekara ɗaya ya ba ka. Ni talatin na ba ka. Girmansa ya isa ya rufe maka baki, nawa bai isa ya buɗe shi ba?"

Man-seok ya kifa goshi a bakin gadon. Ƙato da shi, yana kuka.

Umma ba ta rarrashe shi ba. Ta laluba ƙarƙashin matashi ta ciro makullin gidanta, wanda ta hana kowa taɓawa tun ranar da aka kwantar da ita. Ta miƙa wa ɗanta.

"Ka hau ka kashe ruwa kada bututu ya fashe. Tukwanen da ke bayan gida a ba duk mai so. Irin kabejin da na adana a ba matar Man-seok."

"Umma, ki bari mana. In bazara ta zo zan mayar da ke."

"A kan wace ƙafar?"

Ta juya fuskarta ga bango, ta ce su ja mata labule in za su fita.

Umma tana nan da rai, wannan shekara ta biyu ke nan. Ba ta sake ganin gidan ba, kuma ta daina tambaya.

Darasi: Shekaru ba su ba ka sanin sana'ar wani, in mai sana'a ya yi magana ka ajiye girman kai ka saurara, domin in kunne ya ji jiki ya tsira, kuma sau da yawa ba jikinka ne zai biya ba. Kai kuma da ka sani, shirun da zai cutar da wani ba ladabi ba ne, ka faɗa ko da za a ce ka yi rashin kunya. Ku tura wa duk wanda ke ɗaukar iyayensa a mota, da duk wanda ke haɗiye gaskiya don tsoron na gaba da shi.