Kwalekwalen Arzika Mai Fito

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari na bakin gulbi, tun zamanin da ba a san inji a bayan jirgi ba. Sunansa Arzika. Kada sunan ya ruɗe ku, jama'a, ba shi da wani arziki sai na lafiya da ƙarfin dantse. Fito yake yi, wato ƙetarar da mutane da kayansu daga wannan gaɓa zuwa waccan. Kwalekwalen da yake tuƙawa ba nasa ba ne. Ɗakin da yake kwana shi da iyalinsa ba nasa ba ne. Duk na wani falke ne mai suna Maiwada, mai fataucin gishiri da goro.

To, mutanen gulbin nan suna da wata al'ada, ku saurara da kyau. In aka ga kwalekwale yana tafiya bisa ruwa babu kowa a ciki, ba a tsayawa tambaya. Sarkin Ruwa, wanda ke zaune a garin da ke gangaren gulbin, sai ya sa a buga ganga. Duk masunci ya ajiye tarunsa, duk gwanin nutso ya tuɓe rigarsa, a faɗa ruwa. In da rai a ceto, in gawa ce a fito da ita a yi mata sutura. Ba sa barin ɗan Adam ga kifi da kada. Al'ada ce mai kyau, amma mai tsada, domin da rai ake biyanta.

Wata shekara damina ta yi ƙarfi, gulbi ya kawo, ya cika ya tumbatsa, ruwa ya yi ja wur, yana tafe da itatuwa da jinkar ɗakuna. Sarkin Ruwa ya sa aka yi shela gari gari cewa kada wanda ya ƙetare sai ruwa ya ja baya.

Shi kuwa Maiwada yana da goro, ga kasuwa tana ci a tsallake. Ya kira Arzika da sassafe ya ce, "Ɗauko filafili."

Arzika ya ce, "Maigida, an fa yi shela."

Ya ce, "Shela ce ke ba ka tuwo, ko ni?"

Ba zan ɓoye muku ba, a nan Arzika ya yi rauni. Ya dubi ɗakinsa, ya dubi 'ya'yansa, ya ɗauki filafili. Bawan Allah ba mala'ika ba ne. Suka shiga, ruwa ya yi wasa da su kamar ɓawon gyaɗa, da kyar da jiɓin goshi Allah Ya fisshe su. Suka sauke kaya, Arzika ya ɗaure kwalekwale a jikin wani kututture, suka hau tudu da huhun goro. Kafin su juyo, gaɓar ta zabtare. Ƙasa ta tafi, kututture ya tafi, kwalekwale ya bi su. A cikinsa akwai filafili, da malafar Arzika, da ƙwaryar furarsa ko buɗe ta bai yi ba.

Suna tsaye suna kallo har ya sha kwana ya ɓace.

Arzika ya ce, "Inna lillahi! Maigida, gangare ya nufa. Za su gan shi, za su ga malafa da fura, za su ce mutum ya faɗa. Za a buga ganga. Bari in bi gaɓa in gaya musu muna raye."

Maiwada ya kama hannun rigarsa ya ce, "Kana da hankali kuwa? Ka je ka ce me? Ka ce Maiwada ya karya dokar Sarkin Ruwa? Bar su su nema. In sun gaji za su fito. In ruwa ya janye sai mu ce ɓarayi suka kwance shi."

Arzika ya ce, "A wannan ruwan za su nema? Maigida, ka ga abin da ya yi da mu muna samansa. Su ƙarƙashinsa za su shiga."

Maiwada ya ce, "Aikinsu ne. Ni na aike su?"

Ku ji fa, jama'a! Ni na aike su? Sau nawa wannan kalma ta fito daga bakunanmu?

Da ya ga Arzika bai sauko ba, sai ya sauya murya. Ya ce, "Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Hatsina ke cikin 'ya'yanka. In ka taka ƙafa ɗaya zuwa gangare, kada ka sake taka ƙofar gidana. Ka nemi inda za ka kai matarka cikin daminar nan."

Arzika ya zare hannun Maiwada daga rigarsa, a hankali, ba da faɗa ba. Ya ce, "Na ci hatsinka, Maigida, na gode, kuma na biya da gumina. Da safe ka ce in ɗauki filafili, na ji tsoronka na ɗauka. Wannan ya isa na yau. Aski na yarda zan yi maka, ban yarda zan yanka maka mutane ba."

Ya ce, "Kai, ni kake gaya wa haka?"

Ya ce, "Kai nake gaya wa. Ɗakinka naka ne, karɓi abinka. Ran masunta ba naka ba ne, ba nawa ba ne."

Ya juya ya kama hanya.

Ba hanya ba ce irin wadda kuka sani. Fadama duk ta cika, wani wuri ruwa iya gwiwa, wani wuri iya ƙirji. Laka ta cinye takalmansa. Ƙaya ta tsaga masa tafin ƙafa. Yana cikin tafiya, rana ta take tsaka, sai ya jiyo ta daga nesa: ganga. Ya san an ga kwalekwale. Daga nan bai ƙara tafiya ba, gudu ya yi ta yi, yana faɗuwa yana tashi.

Da ya iso mashigin garin, ya tarar da bakin ruwa baƙi ƙirin da mutane. An ja kwalekwalensa gefe, ga malafarsa a hannun Sarkin Ruwa. Mata suna salati. Jirage suna tsakiyar ruwa, an ɗaura wa masu nutso igiya a ƙugu, wannan ya fito ya shaƙi iska, wancan ya koma. A kan tabarma kuma ga wani magidanci kwance, sunansa Labbo, gwanin nutson garin. Wani gungume da ruwa ya ɗauko ya make shi a ƙafa, ƙashin ya karye, an fito da shi yana aman ruwa.

Arzika bai tsaya gaisuwa ba. Ya kutsa har bakin ruwa ya ɗaga hannu biyu ya kwarma ihu, "Ku fito! Ku fito! Babu kowa a ruwa! Malafata ce! Ga ni da raina!"

Sarkin Ruwa ya ɗaga sanda, mai ganga ya sauya kiɗa, jirage suka fara jawo igiyoyinsu. Arzika bai motsa daga wurin ba sai da ya ga na ƙarshe ya dafa gefen jirgi ya hau.

Kuna tsammani rungume shi aka yi? Ina! Yayan Labbo, wani ƙato mai suna Manu, ya fito daga ruwa ya ga ƙaninsa kwance, ya ga wanda suke nema tsaye da ƙafafunsa. Ya zo ya kwaɗa masa mari. Ya ce, "Don kai ƙanina ya rasa ƙafa, kana can kana yawo?"

Arzika bai rama ba, kuma bai sunkuyar da kai ba. Ya ce, "Ka yi gaskiya, ɗan'uwa. Ƙara wani in zai sanyaya maka zuciya. Amma ka fito, kuma sauran sun fito. Abin da ya kawo ni ke nan."

Sarkin Ruwa ya tsawatar, ya ce a kawo Arzika gabansa. Ya ce, "Kai wane ne, kuma yaya jirginka ya zo nan?"

Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, Arzika ne, mai fiton Maiwada. Mun ƙetare yau da safe bayan mun ji shelarka. Shi ya ce a tafi, ni na tuƙa. Gaɓa ta zabtare da jirgin."

Sarkin Ruwa ya ce, "Ka san hukuncin wanda ya karya dokar ruwa?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Kuma ka kawo kanka?"

Ya ce, "Hukuncinka zan iya ɗauka. Da na yi shiru wani ya mutu yana nemana, wancan hukuncin ne ba ni da wuyan ɗaukarsa."

Aka hana shi taɓa filafili har shekara ta zagayo. Aka aika wa Maiwada da nasa hukuncin, aka ɗora masa jinyar Labbo. Maiwada kuwa ya cika alkawarinsa: kafin ruwa ya janye ya sa an fitar da tukwanen matar Arzika waje.

Na ga wasunku sun gyara zama, suna jira in ce daga nan Arzika ya tsinci tulun zinariya. Bai tsinta ba. Ya dawo garin gangare ya kafa bukka, yana ƙodago a gonakin mutane, da yamma ya je ya zauna wurin Labbo yana taya shi ɗinkin taru. Da farko Labbo ko sallamarsa ba ya amsawa. Arzika bai daina zuwa ba. Labbo ya warke da ɗingishi, suka tsufa tare a inuwa ɗaya. Arzika ya rayu talaka, ya mutu talaka. Amma ranar da ya rasu, masunta ba su fita ruwa ba. Waɗanda ya kira suka fito ran nan, da 'ya'yan da suka haifa bayan ran nan, su suka yi ta rige-rigen ɗaukar makararsa, Manu a gaba.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi. Wanda ya bar mutane suna nemansa alhali ya san inda yake, ya ɗauki rayukansu ya yi caca da su. Shirun da zai jefa wani cikin halaka ba kunya ba ce, ba kawaici ba ne, zalunci ne.

Mu nan bakin ruwa muke. Yau jirginka zai tsinke, ko yaranka su bar kwalekwale ba ɗauri ya bi ruwa, ka ce bari in yi shiru kada a yi mini dariya, kada a ce na yi sakaci. Arzika da ƙafa ya ratsa fadama. Kai ga waya a aljihunka, me zai hana ka? Ka gaya wa Sarkin Ruwa, ka gaya wa masu ceto, ka ce jirgina ne, ga kamanninsa, babu kowa a ciki. Ka sa wa jirginka alama tun yau, yadda duk wanda ya tsince shi zai san ƙofar da zai buga. Kuma in ka tara jama'a neman wani naka, sai Allah Ya sa ya dawo, ka koma ka sallame su, kada ka shige ɗaki ka bar su a daji. Masu fita neman nan suna da mata, suna da 'ya'ya, kuma wataƙila lokacin da suke wahala a kan jirginka na banza, wani yana can yana nutsewa da gaske ba mai zuwa.

In kuma wani babba ya ce maka rufe bakinka, mai gidanka ne ko mai ba ka abinci, ka girmama shi, ka gaishe shi, ka zare hannunsa daga rigarka ka tafi ka faɗa. Ba shi zai tsaya maka ba ranar da za a tambaye ka.

Allah Ya ba mu ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya tun tana da amfani, Ya tsare mu da zama sanadin hawayen gidan wani. Ku ce amin.