Allo Ɗaya, Suna Uku

Ku gyara zama, yau gardama na kawo muku.

Akwai wani ƙauye a bayan dutse, jigawa ta gabas, fadama ta yamma, itatuwan gawo jere a tsakiya. Geronsa ya yi suna har kasuwannin nesa, mutanensa kuwa in suka fara yabon ƙasarsu, gara ka nemi wurin zama. Amma ƙauyen ba shi da tsayayyen suna. Da titi ya iso, aka ce wa Mai Unguwa Shekarau ya ba da sunan da za a rubuta a allon bakin hanya. Abin ya tsaya masa a rai, don ya san tarihin.

Asalinsu mutanen bakin gulbi ne. Wata shekara ambaliya ta binne gonakinsu da yashi, yunwa ta biyo baya. Jatau maharbi ya ce su bi shi. A yawon farauta ya taɓa ganin inda gawo ya yi layi, ya kuma san gero na son gindin gawo. Ya ja su cikin daji ana ta zaginsa, har ya kai su. Jikokinsa na kiran wurin Gawon Jatau.

Sai dai rani ne, fadama ta bushe ƙarau. Barmo mai haƙar rijiya ya shiga haƙa, ya ci karo da marmara. Mutane har sun fara ɗaure kaya za su koma, shi kuwa yana can ƙasa yana sara, tafin hannunsa duk ya fashe, sai da ruwa ya ɓuɓɓugo. Rijiyar tana nan, ba ta taɓa ƙafewa ba. Nasa jikokin Rijiyar Barmo suke cewa.

Damina ta sauka, ga ƙasa, ga ruwa, babu iri, don yunwa ta sa kowa ya daka nasa ya sha. Akwai wata Tabawa da ta ɗauko tulu liƙe da laka tun daga gulbi. Kowa ya tambaya sai ta ce toka ce. Aka yi ta mata dariya, wai mace ta yi ƙaura da toka. 'Ya'yanta sun yi kukan yunwa a gabanta, ita ma ta yi kuka, amma ba ta buɗe ba. Ranar shuka ta fasa tulun: irin gero ne cikin toka, ko ƙwaro bai taɓa shi ba.

"Kowa ya ɗiba," in ji ta, "amma wanda ya kai bakinsa, ban yafe ba."

Geron da ake taƙama da shi yau jikan wannan iri ne. Zuriyarta ba su san wani suna ba sai Tokar Tabawa.

Shekarau yana alfahari da su duka. Jatau kakan ubansa ne, Barmo kakan uwarsa, matarsa kuma jinin Tabawa ce, tuwonta yake ci. Mai fentin da zai rubuta allon ya gaji da jira, ya ce, "Ranka ya daɗe, allon nan suna ɗaya zai ɗauka."

To, ku da kuka ji, sunan wa ya cancanci hawa allon nan?