Zanen Ƙarshe na Malam Sallau

Ku kife wayoyin nan tukuna, ku ba ni kunnuwanku. Yau hukunci nake so ku yanke mini, kuma ban yarda wani ya ce "duk ɗaya ne" ya tsere ba.

A Zariya an yi wani mai surfani, Malam Sallau. Tun ana yi wa kwamfuta kallon kayan aljanu ya sayi tasa, ya haɗa ta da keken surfani: ya zana ado a cikinta, keken ya buga a jikin riga. Duniya ta yi ta sauya na'urori, shi ko gezau. Tsohuwar nan tasa mai ƙugi ita ce dai.

Matarsa Inna Kuluwa, Bagobira ce, mai tsage daga gefen baki har kunne. Gab da ciwon ajalinsa ya kawo mata wani ƙyallen saƙi da ya shata wa iyaka da alli, ya ce, "Adana wannan. Na zana miki wani abu, sai na buga za ki gani." Allah bai nufa ya buga ba.

Tana cikin takaba kwamfutar ta ƙi tashi. Dangi masu gyaran shago, da kyakkyawar niyya fa, suka ga akwatin ƙarfe ya tare wuri, suka miƙa wa 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe. Sai da ta fita takaba ta ji. A lokacin kuwa idanunta sun fara dushewa, likita ya ce abin gaba zai yi ta yi. Ta tara 'ya'yanta uku, Tanimu da Nafi'u da auta Lantana, ta ce, "Ban roƙe ku komai ba tun rasuwar mahaifinku. Ina so in san abin da ya zana mini kafin duhu ya rufe ni."

Tanimu, ɗan fari, direban tifa ne. Abin da ya sani game da kwamfuta bai wuce a ce tana cin wuta ba. Amma ya san gari, ya san mutane. Ya jingine mota ya bi 'yan gwangwan unguwa-unguwa, wannan ya tura shi wajen wancan, har ya dangana da wani fili inda ake fasa tsofaffin na'urori a ciro jan ƙarfe. Tsibi ne ya fi shi tsayi. Da hannu ya yi ta tono, kwano ya tsarge masa tafi, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Da me ya gane kwamfutar? Da wata 'yar riga koriya da Malam ya ɗinka mata saboda ƙura. An riga an fasa ta. Tanimu bai san mai amfani da mara amfani ba, sai ya kwashe komai har da kusoshi, ya zuba a buhu ya kawo gaban Inna.

Nafi'u shi ne ya yi karatun na'ura. Ya zazzage buhun, ya tsinci faifan ajiya da ransa, ya kwafe abin da ke ciki. To, nan fa ake yin ta. Manhajar zanen ba ta tashi sai a kan tsohuwar babbar manhajar zamaninta, ita kuma wannan ba ta san kwamfutocin yanzu ba, irin nata kuwa an daina ƙera su. Sai ya nemo wata manhaja mai kwaikwayon tsohuwar kwamfuta, ya girka ta a cikin tasa sabuwa. Kamar dai ka gina wa kakarka ɗakin ƙasa irin nata na ƙauye a tsakiyar gidan bene don ta saki jiki. Ya sha wuya, wallahi. Ya ba ta ƙwaƙwalwa mai yawa, ta rikice, ya rage. Gudu ya yi mata yawa, ya sassauta. Ya ƙulla wayar da za ta kai saƙo wurin keken. Rannan da hantsi sai ga ɗan kiɗan nan da kwamfutar Malam ke yi in ta tashi. Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa, faranti ya suɓuce mata. Ta ce, "Muryar shagonsa ce!"

Murna ba ta je ko'ina ba. Babbar manhaja ta tashi, amma manhajar zanen, da an taɓa ta sai ta leƙo ta rufe. Nafi'u ya gwada duk dabarar da ya sani, ya tambayi abokan sana'a, shiru. Ga idon Inna kullum ƙara ja baya yake.

Lantana malamar jinya ce, ba ruwanta da na'ura. Amma ita ce mai kai wa Malam koko shago tun tana ƙarama. Ta tsaya bayan yayanta tana kallo, sai ta nuna lungun allon ta ce, "Yaya, wannan kwanan watan na yau ne. Na Baba ba ya nuna yau." Ashe kowace safiya, kafin ya buɗe zane, sai Malam ya mayar da agogon kwamfutar baya, domin manhajar ba ta gane shekarun da suka wuce zamaninta. Kuma rana guda yake mayarwa, ranar da ya sayo ta, wadda ta dace da ranar sunan Lantana. Yakan tsokane ta ya ce, "A cikin akwatin nan har yanzu ke jaririya ce, yau aka yanka ragonki." Ba wanda ya san wannan sai ita. Nafi'u ya mayar da agogo ranar sunan auta. Manhaja ta buɗe.

Zanen ƙarshe ya fito, layuka ne siri-siri masu tasowa daga tsakiya suna bazuwa hagu da dama. Sai dai gefe guda ya fi ɗayan da layi ɗaya. Nafi'u ya ce kwaikwayon ne ya ɓata aikin, bari ya daidaita. Inna ta matso da fuskarta har hancinta na taɓa allo, ba ta ga komai ba sai haske. Ta ce, "Kar ka gyara masa. Buga yadda ya bari."

Aka ɗaura ƙyallen saƙin nan, keke ya yi ta sukuwa har ya tsaya. Aka ɗora mata a cinya. Ta bi zaren da yatsa, layi bayan layi, ta gama gefe guda ta koma ɗayan. Sai ta ɗaga hannun a hankali ta shafa kumatunta. Tsagenta ne. Har da layin nan da wanzami ya ƙara a kunci guda, wanda Malam ya yi shekara da shekaru yana tsokanarta a kai.

Ta yi kuka, ta yi dariya, ta ce, "Kai, Malam! Ashe ƙirgawa kake yi." Ta yi ta sa wa 'ya'yan albarka har muryarta ta dishe. Ɗan fari, da ba ta faɗin sunansa saboda kunya, ranar sai da ta kama hannun nan mai tabo ta riƙe.

Sannan ta ce, "Na gani, ya ishe ni. Tun ina raye nake so in damƙa ƙyallen nan a hannun ɗayanku."

Na ga bakin wani yana motsi, zai ce a buga uku. An buga, kowa ya samu nasa. Amma mai shatin allin Malam, wanda ya zaɓa da hannunsa, guda ɗaya ne, kuma ba mai sa masa almakashi.

Da Tanimu bai tono buhun nan ba, da Nafi'u ba shi da abin tayarwa. Da Nafi'u bai gina wa tsohuwar manhaja ɗakinta ba, da buhun tarkace ne kawai. Da Lantana ba ta riƙe wasan da mahaifinta ke yi mata ba, da ƙofar tana rufe har idon Inna ya tafi, har ita ma ta tafi.

Inna Kuluwa tana zaune da ƙyalle a cinya, ta kasa miƙawa. To, ku da kuka ji, a tafin wa za ta sa shi?