Dutsen Iya a Jikin Bango

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso, kunnuwanmu na nan.

Wani Sarki ne, sunansa ya kwanta mini, yana da tsohuwar uwa. Tsufa ya cinye ƙafafun Iya. Kullum kukanta ɗaya: ta ga dutsen garinsu kafin ta cika. Dutsen kuwa tafiyar kwana arba'in ce.

Sarki ya sa aka yi shela: wa zai zana wa Iya dutsenta a bangon ɗaki?

Hawainiya ta kama hanya, taku ɗaya, hutu ɗaya. Kafin ta iso, Kura ta cika bango da zanen gawayi, ƙaton dutse baƙi ƙirin. Iya ta ce, "Ku ɗauke shi, zai faɗo mini a ka!" Aka shafe.

Ɗawisu ya zuba ja da kore da ruwan ɗorawa. Iya ta ce, "Wannan ai kasuwa ce." Aka shafe.

Kura ta hango Hawainiya, ta ce, "Sannu, sarauniyar sauri! An tashi."

Hawainiya ta durƙusa gaban tsohuwa.

"Iya, ranar da kika baro gida, kin waiwaya?"

"Na waiwaya, 'yar nan. Sau uku."

"Yaya kika gan shi?"

"Da fari baƙi, har ina ganin awaki. Can gaba shuɗi. Na ƙarshe kuwa... kamar tsohon zane da ya sha wanki."

Hawainiya ta ɗebo baba daga marina. Ta tsoma wutsiya, ta zana bishiyar kuka da hanya a ƙasan bango, baƙi sosai. Ta ƙara ruwa, ta zana tuddai ƙanana a bayansu. Ta ƙara ruwa, ta ƙara ruwa, har Kura ta ce, "Wanka za ki yi?" Da wannan ruwan ta shafa dutse can sama, da ƙyar ido ke kama shi.

Sai bango ya buɗe. Iska mai ƙanshin damina ta shigo ɗaki. Fadawa suka ce, "Subhanallahi!"

Iya ta miƙe, ba sanda. Ta taka hanyar.

"Iya! Iya, ina za ki?" in ji Sarki.

"Gida, ɗana."

Hawainiya na kallo. Iya ta wuce kukar, ta ƙanƙance. Ta hau tuddai, ta yi shuɗi. Ta ɗaga hannu sau ɗaya, sannan launinta da na dutsen suka zama ɗaya.

Abin da ya yi nisa, da sassauƙan hannu ake taɓa shi.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya ƙone, tatsuniya ta koma gida.