Janwen Ciyaman

Wai ranar da Ciyaman ya zo tasha gwajin hayaƙin motoci, Ɗanjummai direba ya san ba zai tsallake ba, don Zabuwa, tsohuwar motar da ya gada wajen babansa, sai ta yi tari take tashi.

"Tayar da ita," in ji Ciyaman. "In na ga hayaƙi, ko na sigari ne, janwe ya ja ta wajen 'yan gwangwan."

"Ranka ya daɗe, dokar ta kowa ce?" in ji Ɗanjummai.

"Ta kowa! Motar da ta yi hayaƙi ta gama taka titi."

"To a matso da janwen tukuna, kada in ɓata muku lokaci."

Direban janwe ya murza makulli. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe tashar, har farar hular Ciyaman ta koma ruwan toka. Direbobi suka kwashe da shewa.

"Af!" in ji Ɗanjummai. "Janwe ya faɗi gwaji, wa zai ja shi? Ko a tayar da taka, ranka ya daɗe?"

Ciyaman ya saci kallon motarsa, ya ƙware da tari. "An ɗage gwaji sai baɗi."

Ɗanjummai ya shafa Zabuwa. "Yi tarinki, Hajiya, kin samu abokin yi."